Giga Takwas Sun Koma Uku da Kwata

Ranar Litinin da hantsi aka gano satar, ni kuwa ba a neme ni ba sai Laraba, bayan an share ɗakin sau huɗu an goge tayil ɗinsa da ruwan sabulu. Shekara talatin da ɗoriya ina bin sawu, na shanu da na awaki da na tayar babur, kuma har yau ban ga masu ɓata wa mai bincike aiki kamar masu tsafta ba.

Matar Dogo ce ta zo gidana. Dogo shi ne mai gadin maɗaba'ar da ke bakin titinmu, inda ake buga kalanda da katin gayyata da sitika. Shekararsa goma sha tara a ɗakin da ke jikin get ɗin, shi da ita da 'ya'yansu mata uku. Ta ƙi zama a kujera, ta durƙusa a bakin ƙofa tana ba ni labari. Wai ranar Asabar da yamma mai gyara ya zo ya ƙara wa babbar kwamfutar wurin wani abu da ake kira ram, har ya kai giga takwas. Da aka duba ranar Litinin sai aka ga uku da kwata. Manaja ta fito bakin get, a gaban mai shayi da mai faci da duk wanda ke wucewa, ta kira mijinta ɓarawo. Ta ba shi zuwa Juma'a, ko ya fito da abin ko ya fitar da kayansa daga ɗakin.

Na tambaye ta mene ne ram. Ta ce ita ma ba ta sani ba, amma saboda shi tun Litinin 'ya'yanta ba sa iya zuwa famfo ɗiban ruwa, don yaran layin sun sa musu sabon suna.

"Shi Dogon me ya ce?"

"Ai abin da ke ci mini rai ke nan, Baba. Ya ƙi cewa komai."

* * *

Manaja 'yar marigayi mai maɗaba'ar ce, abokina. Na san ta tun tana rarrafe a ƙarƙashin teburinsa. Ta gaji zafin zuciyarsa kaf, haƙurinsa ne dai da alama aka binne shi tare da shi. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce in don Dogo na zo to na makara, magana ta ƙare. Makulli biyu ne, ɗaya a jakarta, ɗaya a wuyan Dogo, kuma ita ba ta saci kayanta ba.

Da ƙyar nake jin abin da take faɗa. A ɗakin baya akwai wani tsohon injin yanka sitika da aka jona da babbar kwamfutar, yana wani irin ƙugi da ƙara kamar ana jan kwano a kan siminti. 'Yan wurin ko a jikinsu. Ni kuwa kafin minti goma kaina ya fara sarawa.

Mai zane, wanda ke zama a gaban kwamfutar kullum, shi ya yi mini bayani. Ram shi ne wurin da kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin, da giga ake auna shi, in ya yi kaɗan sai ta riƙa tafiyar hawainiya. Shi ne ya dame Manaja da ƙorafi har ta yarda aka ƙara. Da ya zo ranar Litinin ya tarar da kwamfutar yadda ya bar ta, da nauyinta da komai, shi ne ya ce ina aikin da aka ce an yi. Ya buɗe mini wani shafi, ya ɗora yatsa a kan lambar, uku da kwata. Sannan ya zare murfin akwatin, wanda ko ƙusa ɗaya ba ya da ita, ya nuna mini wasu sanduna biyu koraye, kowacce ba ta kai tsawon tafin hannuna ba.

Na ce to ai ga su nan. Ya yi mini irin murmushin da masu ilimi ke yi wa tsofaffi, ya ce musanya aka yi, an cire na kirki an sa ƙanana, takardar da ke jiki kuwa ko ɗan firamare ya iya ɓare ta ya manna. Na duƙa na leƙa, na shinshina, na haska da fitilar wayata. Ba sawu, ba karce, ba shatin yatsa. Ban taɓa jin kaina wofi a wurin aiki irin na ranar ba.

Mai aiki da injin yankan ƙanen marigayi ne, kowa Baffa yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Bai kashe injin ba da na shiga. Ya ce shi yanka ya sani, bai san giga ba. Na tambaye shi ko yana ganin Dogo zai iya sata. Ya daɗe yana gyara bakin takardar da ke shiga injin kafin ya ce shi dai bai gani da idonsa ba. Mutumin da suka yi shekara goma sha tara suna shan shayi a benci ɗaya, iyakar shaidar da zai ba shi ke nan. Na fito raina a ɓace.

* * *

Dogo na zaune a ƙofar ɗakinsa, matarsa a ciki ta fara ɗaure kwanuka a zani. Na zauna kusa da shi na tambaye shi a hankali, wa ya shiga maɗaba'ar tsakanin yammacin Asabar da safiyar Litinin. Ya ce Lahadi ba a aiki. Na ce ban tambaye shi ranar aiki ba. Ya sake cewa Lahadi ba a aiki.

Na lallashe shi, na yi masa faɗa, na tuna masa 'ya'yansa. Na ce masa na taɓa sa ɓarayin shanu bakwai magana a wuni ɗaya, amma ban taɓa ganin wanda ake so a wanke shi yana riƙe da ƙazantar da hannu biyu ba sai shi. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Baba, ni ban ɗauka ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Na yarda da shi, kuma yardar ce ta ƙara mini haushi. Mutumin da bai san komai ba yakan yi ta surutu yana rantse-rantse. Wanda ya ƙulle bakinsa haka akwai wanda yake karewa.

* * *

Da la'asar na tafi kasuwar 'yan waya da kwamfuta wurin mai gyara. Hawa uku na hau da wannan gwiwar tawa. Ina faɗin daga inda nake ya ajiye abin da ke hannunsa ya hau ni da faɗa. Wai ranar Litinin Manaja ta kira shi a waya, ko gaisuwa babu, ta ce ko shi ko mai gadi ɗaya ya cuce ta, ya sa mata jabu. Shi da ya nuna mata takwas da idonta, har ta ɗauki hoton lambar da wayarta. Ya ce ba zai sake taka wurin ba sai ta ba shi haƙuri.

Na ce masa an ce fiye da rabi ya ɓace. Ya ce to su nemi ɓarawonsu, shi ya sa sanda biyu mai huɗu huɗu, sabbi a leda. Ya juya mini baya. Na sauko hawa ukun ina zagin kwamfuta da wanda ya ƙirƙiro ta.

Washegari na ɓata rabin yini a kan mai zane. Mai shayi ne ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa ranar Litinin da rana ya ga mai zane ya fita da sauri, yana cusa wani ɗan abu mai ƙyalli a aljihu. Mai faci ya ce shi ma ya gani, har ya ƙara da cewa abin kore ne. Na bi bayan mutumin daga mai sayar da kati zuwa mai kemis zuwa wani gida mai bene a bayan tasha. Abin mai ƙyalli ya tashi a maganin hawan jini na mahaifiyarsa, kuma tsohuwar da kanta ta miƙo mini sauran ƙwayoyin ta taga, tana tambayar ko ni ne sabon likita. Da na koma na tuhumi mai faci, sai ya ce shi dama bai ce lalle kore ba ne.

* * *

Azahar ɗin Alhamis ta same ni a kan bencin baƙi a gaban maɗaba'ar, saura kwana ɗaya, hannuna babu komai. Injin Baffa na ta ƙugi daga baya. Ta ƙofa ina hango matar Dogo tana fito da tabarmi tana naɗewa.

A kan teburin karɓar aiki akwai wata kwamfutar, irin babbar sak, marigayi ya sayo su rana ɗaya. Ba wata dabara ce ta zo mini ba, gajiya ce kawai. Na ce wa mai zane, wanda tun safe ba ya kallona saboda bin sa da na yi, ya buɗe mini wannan shafin a wannan ɗin, in ga yadda wadda ba a yi wa sata ba take. Ya ja tsaki ya buɗe. Sai na ga ya matso da fuskarsa kusa da allon.

Uku da kwata.

Na tambaye shi nawa ne a cikinta. Ya duba takardar da ke jikin akwatin ya ce huɗu, kuma ba wanda ya taɓa buɗe ta tun da aka kawo ta. Na miƙe tsaye, ciwon gwiwar ma na manta da shi. Ban san giga ba, amma na san wannan. In ka bi sawun garke biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami, ka ga duk sun tsaya cak a layi ɗaya, ba ɓarawo ne ya tsayar da su ba. Shinge ne a wurin.

* * *

Na sake hawa benen nan uku. Kafin mai gyara ya buɗe baki na ce masa ban zo da haƙurin Manaja ba, lamba na zo da ita. Da ya ji uku da kwata sai ya dafe kai ya ce me ya hana ni faɗa masa jiya. Na ce jiya bai bar ni na faɗi sunana ba ma. Amma gaskiyarsa ce, laifina ne. Na ɗauki labarin mutane na kai masa, na bar shaidar a baya.

Ya ja mini kujera. Ya ce a cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhaja da ke tafiyar da komai, kuma ba ta iya ajiye abu a wani gurbi na ram sai ta ba gurbin lamba. Tsohuwar manhajar da ke maɗaba'ar, mai bit talatin da biyu, lambobinta a giga huɗu suke ƙarewa. Ko giga ɗari ka cusa mata, abin da ya wuce huɗu ba ta da lambar da za ta kira shi da ita, don haka a wurinta babu shi. A cikin huɗun ma sai an yanki wasu lambobin an ba katin hoto, wato abin da ke fitar da hoto a allo, da sauran kayan cikin akwatin. Abin da ya rage mata shi ne uku da 'yan kai.

"Ka ga gida mai ɗaki takwas," ya ce, "amma mai rabon makulli lamba huɗu kawai ya iya rubutawa, kusan ɗaya kuma ma'aikatan gidan sun riƙe. Ɗakunan suna nan, ba mai shiga ne kawai."

Na ce to ashe shi ne bai gama aikinsa ba. Ya ce a'a, shi ya sa ranar Asabar ya cire tsohuwar ya sa sabuwa mai bit sittin da huɗu, wadda ke ganin takwas ɗin. Har ya gargaɗi Manaja cewa tsohon injin yankan nan ba ya jin yaren sabuwar, ko motsi ba zai yi da ita ba. Ita kuma ta ce ba komai, a sayar wa 'yan gwangwan, za ta kawo sabo wanda mai zane zai riƙa sarrafawa daga kujerarsa.

Na ce ya maimaita maganar injin. Ya maimaita.

"Injin da kwana biyu ke nan yana fasa mini kai?"

Muka dubi juna. Ya fara haɗa jakarsa, bai ƙara maganar ban haƙuri ba.

* * *

Ranar Juma'a da safe na tara su a ɗakin baya, Manaja da Baffa da mai zane da mai gyara da Dogo, wanda ya tsaya daga bakin ƙofa kamar baƙo. Na roƙi Baffa ya kashe injin. Da ƙarar ta ɗauke sai da kowa ya waiga, don ba su saba jin ɗakin haka ba.

Mai gyara bai taɓa murfin akwatin ba. Ya soka filashinsa, ɗan abin da yake ajiye manhajoji a ciki, ya tayar da kwamfutar da sabuwar manhaja daga cikinsa, ya buɗe shafin. Takwas, ban da ɗan abin da kayan ciki suka riƙe. Ya zare filashin ya sake kunna ta, ta koma uku da kwata. Sau biyu ya yi haka, saboda Manaja ta ce a sake.

Na ce musu ba a saci komai a ɗakin nan ba. Wani ne ya shigo ranar Lahadi ya wanke kwamfutar ya mayar mata da tsohuwar manhaja, kuma shaidar tana ta ihu a kunnensu tun Litinin. Manaja an gaya mata injin ba zai tashi ba, ya tashi, amma ƙarar da ta taso tana ji tun tana yarinya ce, kunnenta ya daina ɗaukarta. Sai a lokacin ta tuna cewa hoton da ke kan allon ma ba shi ne na ranar Asabar ba.

Ban kira suna ba. Baffa ya buɗe durowar da ke ƙarƙashin injin, ya fito da wata tsohuwar jakar fata. A ciki akwai fayafayai uku na tsohuwar manhajar da wani kati da ya sha hannu, an rubuta matakai goma sha ɗaya a jiki da rubutun marigayi. Ya ce abin da yayansa ya koya masa ke nan, duk sanda kwamfuta ta rikice a sa faifan farko a bi katin. Ya yi hakan ya fi sau ashirin. Ranar Asabar yana wannan ɗakin ya ji an ce a sayar wa 'yan gwangwan, kuma ya san in injin ya tafi ba abin da ya rage masa a nan sai zaman benci. Shi ne ya zo Lahadi da rana, ya ce wa Dogo ya buɗe masa kuma kada ya faɗa wa kowa.

"Wallahi ban san faifan na cin giga ba," ya ce. "Da aka ce an yi sata, ni na san ban ɗauki komai ba. Sai na zaci..." Ya dubi ƙofa, inda Dogo ke tsaye.

Dogo ya ce, "Ni ma na zaci kai ne, Baffa. Shi ya sa na yi shiru."

Ni dai raina tafasa yake yi. Kowannensu ya ɗauka ɗan'uwansa ɓarawo ne ya yi shiru, amma shirun ɗaya ɗakinsa da sunansa ya kusa ci, shirun ɗayan kuwa bai rage masa ko kofin shayi ba.

Manaja ta share fuska ta ce to alhamdu lillahi, tunda ba a yi asara ba maganar ta tsaya a ɗakin nan, sha'anin gida ne. Ta ce Dogo ya koma bakin aikinsa, matarsa ta kwance kaya. Na buɗe baki zan yi magana, Dogo ya riga ni.

"Ranki ya daɗe, ba a ɗakin nan kika kira ni ɓarawo ba."

Na ga zafin ubanta ya taso mata, sannan ya koma. Ta ajiye wayarta a kan tebur ta nufi get. Baffa ya miƙa wa mai gyara jakar fayafayan, ya bi bayanta yana jan ƙafa.

* * *

Ta faɗa, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta tsaya daidai inda ta tsaya ranar Litinin ta ce Dogo bai ɗauki komai ba, ita ce ta yi gaggawa, kuma tana neman afuwarsa. Baffa ma ya ce shi ne ya jawo komai. Sai dai ranar Litinin, in ji mai shayi, mutanen da suka taru sun kai arba'in, har masu babur sun tsaya. Ranar Juma'a na ƙirga su, shida ne, biyu daga ciki jiran canjin taya suke yi. Mai gyara ya yi ƙoƙarin yi musu bayanin bit talatin da biyu, kafin ya kai ga katin hoto saura mutum uku.

Na tsaya ina kallon matar Dogo tana kwance ƙullin kwanuka a ƙofar ɗakin. Wata mata mai shago a tsallaken titi, wadda ba ta fito ba sanda ake maganar, ta leƙo ta ga ana mayar da tabarmi ciki. Ta ɗaga murya ta tambayi mai shayi, yadda duk layin zai ji.

"Au, ashe an yafe masa?"

Dogo ya ji. Bai ɗago ba, ya ci gaba da riƙe wa matarsa bakin zanin. Na gyara hulata na tsallaka titin don in gaya wa kowa da bakina cewa ba a yi sata ba, na fara daga shagonta. Shago talatin da ɗaya ne a layin, kuma gwiwar ta riga ta fara ciwo.